Taken Maigida Ya Shiga Kaset

Duk wanda ya ci naman kasuwar Azare a shekarun tamanin ya san Bunu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai ƙaton kai da yake tsayawa a bakin rumfunan mahauta da kalangu a hammata, hula a karkace, yana kiɗa yana kallon sama kamar babu ruwansa da kowa. Alhali kuwa da ruwansa, don babu mahaucin da ya taɓa yanka ko ɗan akuya a garin nan wanda Bunu bai san asalinsa ba har kaka na uku.

A Chinade aka haife shi, gidan makaɗa. Kakansa ne ya taso daga Barno da kalangunsa ya ya da zango a can, zangon ya zama gida. Bunu bai yi boko ba, allon ma a izu biyu ya tsaya, malaminsa ya sallame shi da kansa saboda ya mai da allon abin kiɗa. Yana shekara goma sha biyar ubansa ya kawo shi Azare, ya damƙa shi a hannun Sarkin Pawa na lokacin, Alhaji Maigida. Tun daga ranar bai sake sanin wata sana'a ba.

Aikin ba mai wuyar bayani ba ne. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, da an kwantar da sa sai makaɗi ya kaɗa don gari ya san nama ya samu. Kowane mahauci kuma da takensa, wato kiɗan da in aka yi shi, ko kana bayan katanga ka san wane ake kira. Ladan makaɗi nama ne: wannan ya miƙo tsoka, wancan ƙashi, marowaci ya miƙo huhu yana ɗaure fuska. Matarsa Ya Fanna takan ce ita dai ba ta auri mai arziki ba, amma tukunyarta ba ta taɓa kwana babu maiƙo ba.

Taken Alhaji Maigida ya fi na kowa tsawo, gaɓa uku ne. Ta farko kira ce, kalangu yana cewa sa ya kwanta, a zo da faranti. Ta biyu tana jero iyaye da kakanni, su wane suka haifi wane. Ta uku ita ce Bunu ya fi so, don ubansa ne ya tsara ta bayan ya zauna da mutumin ya san halinsa: mai hannu wofi ma ya matso, Maigida ba ya leƙa aljihu. Kuma gaskiya kalangun yake faɗa. Bunu ya sha ganin tsohuwa ta zo ta tsaya nesa da rumfa tana kallo, Maigida ya yanko mata ya naɗe a ganye bai ko dubi fuskarta ba.

Da Allah ya yi wa Maigida rasuwa, ɗansa Ɗanladi bai wuce shekara goma sha biyu ba, sai sarautar ta koma wani gida. A al'adar gidan su Bunu, in Sarkin Pawa ya rasu rataye takensa ake yi. Ba a sake kaɗa shi, ko a biki ko a wasa, sai ranar da ɗansa ya gaji sarautar, ran nan ne makaɗi zai sauko da shi ya miƙa masa a gaban jama'a. Uban Bunu ya riga ya rasu, 'ya'yan Bunu kuwa mata ne su huɗu. Saboda haka duk duniya babu mai riƙe da taken nan cikakke sai shi kaɗai, kuma ya riƙe shi shekara goma sha biyu bai bar gula ta taɓa fata da shi ba. Abin da yake hana shi sukuni ɗaya ne, kada hannu ya manta kafin ranar ta zo.

Ana nan a haka, cikin shekarar tamanin da takwas, sai ga Edward Ɗanboyi.

Edward akawu ne a ofishin gona, mutumin Dass, saurayi dogo mai tarin suma. Shi yake kaɗa jita a cocinsu, in an tashi kuma ya biyo ta kasuwa ya sayi nama. Lahadi uku yana tsayawa kusa da Bunu da ƙunshin namansa a hannu har ƙuda su dame shi. A ta huɗu ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce yana da magana.

"Baba, kaset nake so in fitar. Na tsara waƙoƙina, na sami wurin ɗauka a Jos. Kalangunka nake so a ciki."

Bunu ya ce, "Wane irin kiɗa ne naka?"

"Rege ne, Baba, amma da ɗan disko a ciki. Akwai guda ɗaya ma da ta fi kama da hailaif."

Bunu ya yi ta juya sunayen nan a baki. Shi a saninsa kowane kiɗa da masu shi. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, tambari kuwa ba a ma maganarsa a kasuwa. Sai ya tambaya da zuciya ɗaya, "Shi regen na masu wace sana'a ne?"

Edward ya yi dariya ya ce, "Na kowa ne, Baba."

"To in na kowa ne, wa za a kira a ciki?"

"Ba a kiran kowa. Rawa kawai ake yi."

Kan Bunu ya ɗaure tun daga nan, kuma in za a faɗi gaskiya bai sake kwancewa ba. Ya koma gida ya gaya wa Ya Fanna wai an ƙirƙiro kiɗan da ba ya kiran kowa. Ita kuwa ba ta ga abin mamaki ba. Ta ce, "Malam, shekararka hamsin da biyar iyakarka Misau. Yaro ya durƙusa maka har ƙasa. Ka je ka ga Jos, ka taho mini da dankalin Turawa." Edward kuma bai fasa zuwa ba, kullum da ladabinsa da goronsa. Ga wani abu da Bunu bai gaya wa kowa ba: tun da yake, ba a taɓa neman kiɗansa don daɗinsa kawai ba. Abin ya yi masa daɗi, ya amsa.

Suka ɗauki hanya ta Misau da Darazo, kalangu a kan cinya don Bunu ya ƙi yarda a ɗora shi saman mota. Washegari da hantsi aka shigar da shi situdiyo. Ɗaki ne ƙarami babu taga, an manne bangonsa da kwalayen ƙwai tun daga ƙasa har sama. Bunu ya duba ya ce a ransa mutanen Jos da cin ƙwai. A gefe ɗaya akwai gilashi, bayansa wani mutum mai taunar cingam yana zaune gaban tebur cike da maɓallai, shi ne injiniya. Aka kifa wa Bunu wasu abubuwa biyu a kunnuwa, aka kafa masa makirfo a gaban kalangu, kowa ya fita ya bar shi.

Can sai ya ji Edward yana waƙa a tsakiyar kansa, da jita da ganguna da komai. Ya ɗaga ido, ga Edward a bayan gilashi yana shan lemo, bakinsa a kan kwalba. Bunu ya fizge abin kunnen ya yi salati. Edward ya shigo da gudu ya yi masa bayani wai tun makon jiya suka ɗauki nasu, yanzu nasa kawai za a ɗora a kai.

"To su masu gangar suna ina?"

"Sun tafi gida, Baba."

"Da wa zan yi kiɗan?"

"Da su."

Bunu ya dube shi ya ga ba wasa yake yi ba, sai ya ƙyale. Aka ce ya kaɗa duk abin da ya ga dama. Nan fa ake yin ta. Mutumin da ya shekara arba'in yana kiɗa ya ɗaga gula ya rasa inda zai sa ta. Babu nama, babu mahauci, babu ko mai wucewa, sai kwalin ƙwai. Ya fara taken wani mahauci mai suna Jalo, ya ji kunya ta kama shi, don Jalo yana can Azare yana barcin rana bai san ana kiransa ba. Ya tsaya. Gumi ya karyo masa duk da sanyin Jos.

Edward ya sake shigowa ya ce, "Baba, saki jikinka. Gwaji za mu fara yi. Ka ɗan motsa hannu kawai."

Bunu ya nuna ƙofar, mai kauri ce an lulluɓe ta da katifa. Ya ce, "Wannan fa?"

"Don kada ƙara ta fita ne. In an rufe ta, ko harbi ka yi a ciki na waje ba zai ji ba."

"Ba wanda zai ji?"

"Ko ɗaya."

Edward ya fita ya ja ƙofar. Bunu ya tsaya yana kallonta. Shekara goma sha biyu yana neman irin wannan wuri. A Azare ko rami ka shiga ka taɓa kalangu sai wani ya ji ya kai labari. Ga shi yau Allah ya kawo shi ɗakin da kiɗa ba ya fita, a garin da ba wanda ya san Maigida, kuma an ce gwaji ne. Mutum biyun da ke bayan gilashi kuwa ai su ma a waje suke. Ya juya musu baya, ya rufe ido, ya matse tsarkiya, ya sauko da taken.

Hannun bai manta ba. Gaɓa ta farko ta fito tas, ta biyu ta biyo ta, da ya kai ta uku hawaye suna bin gemunsa. Sau ɗaya tak ya yi, ya share fuska da hannun riga, ya juyo. Injiniya ya daina tauna, ya ɗaga masa babban yatsa. Bunu ya ɗauka alama ce ta a fara na gaskiya. Sai ya zage ya yi musu kiɗa na sa'a guda, kiɗan 'yan mata da na dambe da duk tarkacen da ba na kowa ba, har injiniya ya ce ya isa. Ya dawo gida da rigar sanyi sabuwa da rabin buhun dankali, zuciyarsa fes.

Bayan wata huɗu, wata Lahadi da safe, ya biyo ta tashar mota zai shiga kasuwa. A bakin tashar akwai shagon Okwudili mai kaset, mutumin Anaca da ya shekara ashirin a Azare, Hausa a bakinsa har da ta zagi. Kullum lasifikarsa tana waje tana ihu, Bunu ba ya ko sauraro. Ran nan kuwa sai ƙafarsa ta tsaya da kanta. Muryar Edward ce, da jita, da wani abu mai ƙugi a ƙasa. A cikinsu kuma kalangu yana cewa sa ya kwanta, a zo da faranti.

Abin da ya fara zuwa masa fushi ne. Ya waiga yana neman wane mara kunyar ne ya taɓa taken da aka rataye. Sai ya gane hannun, don kowane makaɗi ya san hannunsa. Amma an ƙara masa sauri, kuma da ya kai ƙarshen gaɓar farko sai ya koma farkonta. Ya sake kaiwa, ya sake komawa. Bunu ya tsaya cikin rana yana jiran gaɓa ta biyu ta shigo, yana ƙirgawa da yatsa har ya kai arba'in, ba ta shigo ba. Shi dai ya san sau ɗaya ya yi. To wa ya yi sauran talatin da taran? 'Yan kamasho biyu suna ta rawa a gaban wata mota, ɗaya har da juyi.

Ya faɗa shagon ko sallama babu. Okwudili ya taso da fara'a ya ce, "Baba Bunu, ka zama babban mutum! *Lahadin Azare* ke nan, kaset ɗin Edward. Tun jiya ake wawarsa." Ya nuna masa kwalin, ga Edward da baƙin tabarau ya rungume jita. Ya juya bayan ya sa farce a kan wani ɗan rubutu, ya ce sunan Bunu ne.

Bunu ya ce, "Guda nawa ne?"

"Sha biyu suka rage."

"Ba ni su duka."

Okwudili ya ɗauka rabawa zai yi wa dangi, ya zuba masa a leda har da ragi. Bunu bai shiga kasuwa ba ran nan, karo na farko tun rasuwar ubansa. Ya kai su gida ya zuba a tsohuwar randa ya rufe da faifai. Lissafinsa mai sauƙi ne, irin na wanda ya raba goron gayyata aka fasa biki: a bi gida gida a karɓo. Waɗanda aka riga aka saya zai bi masu su ya roƙa, Azare ai ba ta fi ƙarfinsa ba.

Washegari ya koma tasha don ya tambayi sunayen masu sayen. Lasifika tana nan tana kiran faranti, kan teburin Okwudili kuma ga kaset ashirin a jere.

"Ba ka ce sha biyu suka rage ba?"

"Jiya ke nan, Baba. Waɗannan na yau ne."

"Daga Jos aka kawo?"

Okwudili ya ja shi ciki ya nuna masa wata rakoda mai baki biyu. Ya sa kaset mai waƙa a baki ɗaya, ya sa wofi a ɗayan, ya danna. Ya ce, "Ka ga wannan uwa ce, wannan 'ya. In an jima 'yar za ta iya duk abin da uwar ta iya."

Bunu ya daɗe yana kallon su suna juyawa. Sannan ya ce, "Sayar mini da uwar."

Ya sayar masa, da ita da ashirin ɗin. Rana ta uku Bunu ya zo ya tarar da rakodar tana aiki kamar ba a yi komai ba. Ya ce, "Okwudili, ka ji tsoron Allah. Uwar tana gidana a cikin randa."

"Da 'yar nake yi, Baba. Na ajiye guda ɗaya."

"'Yar ma tana haihuwa?"

"Kowacce tana haihuwa."

A nan ne Okwudili ya lura mutumin nan ba murna yake yi ba. Ya kashe lasifika, abin da ba ya yi sai lokacin kiran salla, ya ba shi kujera ya saurari labarin tun daga Maigida har ɗakin kwalin ƙwai. Ya jinjina kai ya ce, "Baba, kada ka sake saye, asara kake yi. Ko na daina yau, akwai mai irin injin nan a Misau, akwai a Potiskum, Kano kuwa ba a magana. Direbobi sun riga sun tafi da shi." Bunu bai yarda ba sai da ya gani. Ya je Gadau gaisuwar rasuwa, ya ji shi a shagon mai shayi. Ya je Chinade, garinsu, ya tarar ana rawarsa a gidan suna, har wata 'yar ƙanwarsa ta jawo shi wai ya zo ya ji sabon kiɗa.

Da ya sami Edward a ofis, saurayin ya taso zai rungume shi, sai ya ga fuskarsa. Bayani ya ɗauki lokaci, don kowannensu yana magana ne ɗayan yana kallonsa kamar ya zo daga wata ƙasa. Edward ya ce injiniya ba ya kashe inji ko a gwaji, kuma duk kiɗan sa'a gudan nan babu inda ya kai wannan ɗan guntun daɗi, shi ne ya yanko shi ya sa inji ya yi ta maimaitawa.

Bunu ya ce, "Ka ce mini ba ya fita."

"Ta ƙofa nake nufi, Baba. Ta waya ya fita."

"Sauran gaɓa biyun fa?"

"An goge. An ɗora wa wasu 'yan coci waƙarsu a kan zaren."

Edward ya ji ba daɗi ƙwarai, har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce in za a sake bugawa zai sa a rubuta sunan Bunu da manyan baƙaƙe a gaba. Iyakar abin da ya iya tunanowa ke nan, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa. Bunu ya yi masa godiya ya fito, bai san ko an ba shi haƙuri ba ne ko an yi masa albishir.

Tsofaffin mahauta kuwa sun gane taken tun ranar farko. Sarkin Pawa mai ci ya tara dattawa a zaurensa aka kira Bunu.

"Ka kaɗa ko ba ka kaɗa ba?"

"Na kaɗa, ranka ya daɗe. Sau ɗaya, a ɗakin da ba a ji."

"To wa yake kaɗawa a tasha tun safe har yamma?"

"Ni ne. Amma ba na wurin."

Dattawa suka dubi juna. Wani ya ce laifi ne babba. Wani ya ce ai al'ada makaɗi ta hana, ba ta ce komai a kan rediyo ba. Jalo ya ce shi abin da yake so ya sani, in kaset ya kira mutane suka zo da faranti, wa za a ba tsokar? Aka yi ta yi har la'asar, aka tashi ba a yanke komai ba, kuma ba a sake zama a kai ba. Da sun hukunta shi da ya fi masa sauƙi.

Saura mai taken. Ɗanladi lokacin yana bin tirelar shanu zuwa Legas, sai bayan wata guda ya dawo. Bunu ya je gidansa, ya tarar da shi a ƙofar gida da sabuwar rakoda a cinya, kaset ɗin yana ciki. Ɗanladi ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Baba Bunu, tun daga Legas nake jin abin nan a mota, jikina yana ba ni na san shi. Sai da na dawo aka ce mini taken Baba ne. Wallahi ka dawo mini da shi."

"Ɗanladi, haƙuri na zo ba ka. Kuma wannan ba duka ba ne, gaɓar farko ce kawai. Akwai…"

"Haƙurin me? Allah ya saka maka da alheri." Ɗanladi ya ƙara wa rakodar murya, ya rufe ido yana kaɗa kai.

Bunu ya koma gida ya kasa gane ko ya ci amana ko ya yi abin kirki. A ƙarshe ya lallashi kansa da cewa kashi ɗaya cikin uku ne ya zube, biyu suna nan a hannunsa, kuma su ne masu nauyin. Ranar naɗi zai miƙa wa yaron abinsa cikakke, a ji bambanci.

Shekaru suka yi ta tafiya. Edward ya fitar da kaset na biyu, wannan karon da fiyano mai kwaikwayon kowace ganga, bai karɓu ba. Aka yi masa canjin aiki zuwa Bauci, aka ce ya zama shugaban mawaƙan coci. Okwudili ya koma sayar da kaset ɗin bidiyo. Ya Fanna ta gaji da ganin randarta a cike, ta zare zaren kaset ɗin nan kaf ta aika Chinade aka ɗaɗɗaura a gonar gero, ya kori tsuntsaye damina biyu. *Lahadin Azare* dai bai mutu ba, duk bikin mahauta sai an sa shi, yaran da aka haifa bayan fitarsa ma sun iya shi da baki. Bunu ya ci gaba da tsayuwarsa a bakin rumfa. Ba ya sake taɓa taken da gula, amma in yana zaune sai ka ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, Ya Fanna ta ce, "Malam, an fara ke nan."

A shekarar casa'in da takwas Sarkin Pawa ya rasu, aka ba Ɗanladi sarautar, shi kuwa ya riga ya zama babban dillalin shanu mai tumbi da mota. Bunu yana da shekara sittin da biyar, idonsa ɗaya ya fara hazo. Ya sake wa kalangu fata, ya shafe tsarkiya da man shanu, Ya Fanna ta wanke masa babbar rigarsa ta kai bugu.

Ranar da aka dawo daga naɗi, da hantsi, ƙofar gidan Maigida ta cika maƙil. Sabon Sarkin Pawa yana zaune a kan kujera da rawaninsa. Aka buɗa wa Bunu fili, ya shigo tsakiya, ya yi bisimilla a ransa, ya ɗaga gula.

Sa ya kwanta, a zo da faranti. Wurin ya kaure da ihu, mata suka rangaɗa guɗa, matasan mahauta suka zubo fili da rawa. Bunu ya ji ƙarfi ya zo masa, ya wuce gaɓa ta biyu a natse, yana jero kakannin Ɗanladi ɗaya bayan ɗaya. Sai rawar ta fara rikicewa. Wani ya ɗaga ƙafa ya rasa inda zai ajiye ta. Guɗa ta tsaya. Da ya shiga ta uku, mai hannu wofi ma ya matso, babu mai motsi a filin, ana ta kallon juna. Ya duba gefen dattawa ko zai ga mai gyaɗa kai. Waɗanda suka san taken duk suna maƙabarta, sai Jalo, shi kuma kunnensa ya daɗe da tafiya.

Ɗanladi ya yafito shi da hannu. Bunu ya matso ya durƙusa, yana jiran kalmar da ya shekara ashirin da biyu yana jira. Sarkin Pawa ya sunkuyo ya rage murya don kada ya kunyata tsoho a gaban mutane.

"Baba Bunu, sannu da ƙoƙari, na san girma ya zo. Ka ɗan saki hanya ne. Taken Baba ba ya zuwa can. Ka tsaya a kan na farkon, yadda yake a kaset."

Bunu ya buɗe baki. Ya dubi rawanin, ya dubi jama'ar da ke jira. Ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Ya koma tsakiyar fili ya kama gaɓar farko, ya ƙara mata sauri. Da ya kai ƙarshenta hannunsa ya nemi wucewa, ya danne shi ya dawo da shi farko. Fili ya ɗauka, ƙura ta tashi. Ya kai ƙarshe ya sake dawowa, ya sake, har ya daina ƙirgawa. Ɗanladi ya sa gefen rawani yana share hawaye, yana ce wa na kusa da shi, "Ka ji shi nan. Haka nake jin sa tun ina yaro."

An ba Bunu cinyar sa guda ran nan, mutum biyu ne suka kai masa gida. Ya rayu shekara shida bayan haka, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya tambaye shi sauran gaɓa biyun.